Neman Shawara: Ƙarin Darasi Da Mai Ja Wa Maraya Gora A Cikin Jos

Malama Rabi'atu, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum warahmatullahi. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure, ina gaishe ku, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Na zo neman shawara ne a kan wani al'amari da ya daɗe yana hana ni barci, kuma na kawo shi nan ne saboda na san a cikinku akwai malaman makaranta, akwai iyaye, akwai kuma waɗanda suka daɗe suna ɗawainiya da matasa a garin nan.

Akwai ɗan yayana da yake hannuna tun bayan rasuwar mahaifinsa. Shekarunsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati. Yaro ne mai ladabi, ba ya ƙin aike, ba ya ɗaga wa babba murya, amma sakamakon zangon da ya wuce ya tayar mini da hankali, domin ya faɗi Turanci da lissafi, sauran darussan kuma da ƙyar ya sha. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, da zarar ya dawo daga makaranta ya ajiye jaka, ba a sake ganinsa sai bayan isha'i, kuma maƙwabta sun fara yi mini magana a kan samarin da suke ganinsa tare da su. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wani makon aikin dare nake yi, wani makon na rana, saboda haka ba ni da ikon sa masa ido yadda ya kamata.

Tambayata kashi biyu ce. Da farko, a ina ake samun wurin ƙarin darasi na ƙwarai a cikin Jos, wanda ba karɓar kuɗi kawai suka iya ba, kuma inda yaro zai sami babban mutum da zai riƙa jan kunnensa yana ɗora shi a hanya? Na biyu, mu 'yan'uwan mahaifinsa mun amince za mu riƙa haɗa naira 30,000 duk wata saboda karatunsa. Wasu daga cikinmu suna ganin a ɗauko malami ya riƙa zuwa gida, ni kuwa ina ganin layinmu cike yake da yara irinsa, kuma da za a sami wani shiri mai kyau da za mu tallafa wa da wannan kuɗi, shi ya amfana, 'ya'yan maƙwabta su amfana, da hankalina ya fi kwanciya. Ina roƙon wanda ya san kan lamarin ya haska mana.

Malam Sani, Gangare:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki ladan riƙon maraya. Na koyar a firamare da ƙaramar sakandare har na yi ritaya, kuma shawarata ta farko ita ce kada ki biya kowa ko kwabo sai kin san ainihin inda yaron nan ya tsaya a karatu. Kasancewarsa a babbar sakandare ba ya gaya mana komai, domin a makarantunmu da yawa yaro yana tafiya gaba ne tare da sa'o'insa ko ya iya ko bai iya ba, malami kuma yana fama da aji mai cunkoso, ga manhaja da aka ɗora masa ya kammala kafin ƙarshen zango. Yaron da karatu ya kuɓuce masa a aji uku na firamare haka zai yi ta jan wannan giɓi har sakandare, kullum yana kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, ba tare da ya san abin da ya kwafa ba.

Ga yadda za ki gwada shi da kanki. Ki zaɓi lokacin da babu kowa a ɗakin, domin yaro mai shekara 15 ya gwammace a kira shi marar ji da a gane bai iya karatu ba. Ki samo littafin Turanci na aji uku ko huɗu na firamare, ki buɗe wani gajeren labari, ki ce ya karanta miki a bayyane. Ki lura da idonsa: idan yana ɗagowa yana duban fuskarki bayan kowace kalma, to canka yake yi, yana jiran ki tabbatar masa. Idan ya kai ƙarshe, ki rufe littafin, ki ce ya ba ki labarin da Hausa. In ya kasa sakin layi, ki sauko zuwa kalmomi ɗai-ɗai, in su ma sun gagara, ki sauko zuwa haruffa. A lissafi kuma ki rubuta masa 52 a ɗebe 27, wanda sai an yi aro, sannan 96 a raba gida 4. Waɗannan biyun sun isa su nuna miki ko matsalar ta sakandare ce ko tun daga tushe take.

Wannan ba dabarata ba ce. Wata ƙungiya mai suna Pratham a ƙasar Indiya ce ta shahara da ita: ana gwada yara, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya, sannan a sake gwadawa bayan wani lokaci. An yi aiki da tsarin a makarantun Borno da Kano. Na kawo shi ne don ki sami ma'aunin da za ki auna duk wani wurin lesin da za a nuna miki. Idan kin je suka karɓi kuɗi suka tura yaron aji ba tare da sun zaunar da shi sun gwada shi ba, to abin da aka yi masa da safe a makaranta shi za a maimaita masa da yamma. Yawancin wuraren da kike ganin allunansu a bakin titi bitar tambayoyin jarrabawar shekarun baya suke yi, kuma wannan yana da amfani ga wanda ya iya karanta tambayar ne kaɗai.

Mubarak, ɗalibi a Jami'ar Jos:

Ina gaishe da Baba Malam Sani, ina gaishe ki Anti. Ni ilimin koyarwa nake karantawa, kuma zan yi magana ne a kan inda ake samun masu koyarwar. Wuri na farko shi ne jami'ar nan da ke maƙwabtaka da ku, domin daga Unguwar Rogo zuwa harabar titin Bauchi ba tafiya ba ce mai nisa, kuma akwai ɗalibai da yawa da suke zaune a cikin unguwannin nan, waɗanda ɗan alawus kaɗan zai taimaka musu ƙwarai. Hanya mafi aminci ta samun su ita ce ta Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN, wadda take nan tun 1954, kuma rassanta kan shirya darussa ga 'yan sakandare, musamman lokacin dogon hutu. Idan aka bi ta shugabanninsu, akwai wanda zai tsaya wa ɗalibin, akwai kuma inda za a kai ƙara idan ya saɓa alkawari.

Wuri na biyu shi ne masu yi wa ƙasa hidima. A tsarin NYSC an ware musu rana guda a mako don aikin ci gaban al'umma, kuma akwai rukuninsu da ke kula da harkar ilimi. Ana iya rubuta takarda zuwa ga jami'insu na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a nemi a turo su. Sai dai ya kamata a san iyakar abin: hidimar ta shekara ɗaya ce, da yaro ya fara sabawa da malaminsa sai lokacin tafiyarsa ya yi. Mu ma ɗalibai muna da irin wannan rauni, domin lokacin jarrabawarmu ba ma samun sukuni, kuma idan aka shiga yajin aiki irin na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, da yawa gida suke komawa. Saboda haka kada a gina shirin a kanmu kaɗai, a sami malami ɗan unguwa wanda ba ya zuwa ko'ina ya zama ginshiƙi, mu kuma mu taimaka masa.

Akwai kuma abin da nake so a sa a lissafi tun yanzu. Ƙanen nawa, wato yaron da ke hannun Anti, yana da kusan shekara biyu da wani abu kafin ya zauna WAEC da NECO, inda ake buƙatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi kafin a yi maganar jami'a. Jarrabawar JAMB kuma a kwamfuta ake yin ta, darussa huɗu, tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne. Wanda yake karatu yana tsayawa a kowace kalma lokaci zai ƙare masa ko da ya san amsa. Lokacin da ya rage ya isa a gyara, amma bai isa a ɓata ba.

Hajiya Binta, Rikkos:

Ƙanwata Rabi'atu, sannu da ƙoƙari. Maza sun yi maganar karatu, ni zan yi maganar amana, domin duk wanda za ki miƙa wa yaro ya koyar da shi, kin ba shi damar shiga zuciyarsa ne. Kada ki wadatu da abin da mai wurin zai gaya miki a ofishinsa. Ki je ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar darasi, ki tsaya ta taga ki duba. Ki ga ko malamin yana kiran yaran da sunayensu ko kuwa "kai" da "ke" ne kawai. Ki nemi a nuna miki rajistar kiran suna, ki tambaya me suke yi idan yaro ya yi kwana biyu bai zo ba. Wanda ya ce miki suna kiran iyaye, ki ce ya haɗa ki da uwa ɗaya da suka taɓa kira. Sannan ki ɗauki littafin wani yaro ki buɗe, ki ga ko akwai jan biro na gyara, ko kuwa shafuka ne cike da rubutun da babu wanda ya duba.

Sharuɗɗa biyu ba na sassauci a kansu. Darasi a fili ake yin sa, ƙofa a buɗe, ba a ɗakin malami ba, kuma ba yaro ɗaya da babba ɗaya a keɓe ba, namiji ne yaron ko mace. Mutane suna tsare 'yan mata su saki maza, alhali su ma ana cutar da su, kuma sun fi ɓoyewa. Na biyu, a tashi kafin magariba, musamman da hunturu da duhu yake saurin shiga, sanyin Jos kuma ya kori mutane daga kan layi.

Akwai wata guba kuma da nake so ki sani. Na taɓa sa 'yata a wani wurin lesin, da lokacin rajistar jarrabawa ya ƙarato sai mai wurin ya tara mu iyaye, ya ce kowa ya ƙaro kuɗi za a yi wa yara rajista a wata makaranta a bayan gari inda za a "taimaka" musu. A ranar na cire ta. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon waɗanda aka samu da maguɗi, wani lokacin su soke shi baki ɗaya, kuma ko an tsira daga wannan, an koya wa yaro cewa ana sayen abin da ba a wahala a kansa ba. Duk wanda ya yi miki alkawarin kiredit tara tun bai ga yaron ba, ki kama hannun ɗanki ku fita.

Malam Danjuma, Tudun Wada:

Salama a gare ku duka. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma ina so in taɓo abin da mu mutanen Jos muka sani amma ba mu cika faɗa ba. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwanninmu sun rabu, kowa ya koma cikin nasa, har ta kai malami yana jin nauyin shiga wata unguwa da yamma, uwa kuma ba za ta yarda ɗanta ya tsallaka wani titi don darasi ba. Asarar a kan yara take faɗawa, domin wani lokacin malamin da ya fi dacewa da yaro yana can ɗaya ɓangaren. Shawarata ita ce, idan za a kafa aji, a nemi makarantar firamare ta gwamnati da ke kusa, wadda azuzuwanta suke zama babu kowa bayan an tashi. Akwai benci, akwai allo, kuma wuri ne da kowa yake shiga ba tare da ɗar-ɗar ba. Ana farawa ne da hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makarantar, su kuma su sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a sami izini a rubuce.

Game da mai jan gora kuwa, muna da abin koyi a gida. A coci muna da ƙungiyar yara maza ta Boys' Brigade, ku kuma kuna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala, wadda a garin nan aka kafa ta a 1978. Abin da yake riƙe yara a waɗannan ƙungiyoyi ba fareti ba ne kawai. Akwai rana tsayayya, akwai kiran suna, akwai babba guda wanda shi ne dai za ka tarar mako bayan mako, kuma idan ba ka zo ba zai bi sawunka har gida. Malama, ki tambayi limamin masallacinku wane ne yake kula da matasan agaji a unguwar, ki je ki gan shi da kanki. Idan kun tsayar da wuri da lokaci, zan iya zuwa ranar Asabar da safe in taimaka wa malaminku ya tsara darasin lissafi.

Malama Rabi'atu, Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam Sani, na yi gwajin kamar yadda ka ce. Kalmomi ɗai-ɗai yana karanta su, amma da aka zo sakin layi sai ya riƙa tsallake dogayen kalmomi, kuma da na rufe littafin bai iya ba ni labarin ba. Lissafin ɗebewa ya ruɗe masa a takarda, sai dai da na ce masa yana da naira 520 ya sayi abu na naira 270, nan take ya faɗi canjin ba tare da ya taɓa biro ba. Rabawa kuwa bai san ta inda zai fara ba. Da na lallashe shi ya gaya mini cewa ba ya tambaya a aji saboda ana yi masa dariya, kuma da yamma filin ƙwallo yake zuwa, daga nan sai su wuce majalisar wasu samari da suka girme shi. Yanzu ta ina zan fara?

Koci Ibrahim, Nasarawa:

Yaya Rabi'atu, amsar tana cikin abin da yaron ya gaya miki. A aji ana yi masa dariya, a majalisa kuwa ana yi masa maraba, to ina kike zaton ƙafarsa za ta kai shi? Ina horar da yara ƙwallo, kuma da girmamawa ga malamaina, ina ganin lesin kaɗai ba zai janye shi daga can ba. 'Yan sara-suka da masu sayar da ƙwaya ba da mugunta suke fara jan yaro ba, suna farawa ne da saya masa shayi da burodi, da kiran sa da wani suna na yabo, da tsaya masa idan wani ya taɓa shi. Maraya da ba shi da namiji babba a gida yana saurin karɓar wannan. Idan ana so a raba shi da su, sai an ba shi wani wanda zai yi masa irin wannan kulawa ta hanyar halal.

Kada ki hana shi ƙwallo. A garin da Mikel Obi da Ahmed Musa suka taso babu yaron da za ki gamsar cewa ƙwallo shirme ce. Ki je filin, ki tambayi wane ne kocinsu, ki gabatar da kanki, ki gaya masa halin da ake ciki. Koci na gari yana da abin da malamin aji ba shi da shi, wato ikon ajiye yaro a benci ranar wasa. A wajena dokar ita ce, wanda bai je makaranta ba ba zai taɓa ƙwallo ba, kuma duk ƙarshen zango kowa yana kawo mini katin sakamakonsa kafin in ba shi riga. Na ga yaran da bulala ta kasa gyarawa sun gyaru saboda tsoron zaman benci. Idan kocin da kika tarar ba mai irin wannan tsari ba ne, ko kika ga manyan 'yan wasansa suna shaye-shaye a gefen fili, ki canza masa ƙungiya.

Sannan tunda kansa yana ja a lissafin kuɗi, ina ba da shawarar a haɗa shi da wani mai sana'a mai mutunci ranar Asabar, ko kafinta a Katako, ko makanike a Dilimi, ko mai gyaran waya a wajen Taminus. Uban gida na ƙwarai uba ne na biyu. Idan ya gama sakandare kuma, Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa tana nan Jos a kan titin Miango, sai a riƙa sa ido a kan sanarwar shirye-shiryensu na koyar da sana'a.

Malam Sani, Gangare:

Koci ya faɗi gaskiya a kan fili, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A kan sana'a ne nake da ja. Yaron da aji ya zame masa wurin kunya, idan ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihunsa, da wuya ya sake waiwayar littafi. A bari karatunsa ya miƙe tukuna, ko da zango biyu ne, sannan a kai shi, kuma a yi sharaɗi da uban gidan cewa ranakun makaranta ba nasa ba ne.

'Yata, sakamakon gwajin nan abin farin ciki ne, domin ya nuna ƙwaƙwalwar lafiya lau take, tushe ne aka bari da rami. Abin da yake buƙata shi ne awa ɗaya kullum, kwana biyar a mako, ya yi karatu a bayyane ana gyara masa, ya ba da labarin abin da ya karanta, lissafi kuma a fara masa da kuɗi a kai shi ga takarda. Awa ɗaya kullum ta fi awa biyar ranar Asabar. Kada a zaunar da shi cikin 'yan firamare, zai gudu. A nemo sa'o'insa shida zuwa takwas masu irin matsalarsa, kuma na tabbata a layinku kaɗai za a same su, domin idan kowa a ajin yana tuntuɓe babu mai yi wa wani dariya.

Alhaji Nura, Abuja:

Assalamu alaikum. Ni ɗan 'Yan Shanu ne, aiki ya kawo ni Abuja, kuma akanta ne ni, saboda haka zan tsaya a kan tambaya ta biyu. Maganar Malam Sani ta riga ta raba gardamar da ke tsakaninku 'yan'uwa, domin ƙaramin aji na yara takwas ya fi wa yaronku amfani a kan malamin gida, kuma kuɗin da za a kashe kusan ɗaya ne. Amma kafin ku kafa sabo, ku zagaya unguwa ku bincika, mai yiwuwa akwai wani malami ko wata malamar Islamiyya da ta daɗe tana tara yara a zaure tana koya musu karatu ba tare da tallafin kowa ba. Irin waɗannan ba su da allon talla, mai unguwa da limami da matan layi ne suka san su. Ƙarfafa wanda ya riga ya nuna juriyarsa ya fi sauƙi a kan neman sabon mutum.

Abin da yake kashe irin waɗannan shirye-shirye a garinmu sananne ne. Ana farawa da taron ƙaddamarwa, a kafa rumfa, a yi hayar kujeru, a gayyaci manya, a raba littattafan rubutu masu hoton ɗan siyasa, bayan wata uku kuma malamin ya daina zuwa saboda ba shi da kuɗin keke napep. Ni a ganina kaso mafi tsoka na naira 30,000 ɗin nan, kamar biyu bisa uku, alawus ɗin malami ne, a biya shi a rana tsayayya ba tare da ya buɗe baki ya tambaya ba, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sauran a sayi alli da littattafan karatu, a kuma ajiye wani abu saboda watan da wani daga cikinku zai gaza kawo nasa. Ku ɗauki alkawarin shekara guda cur, ku faɗa wa malamin haka tun farko, domin tallafin da ba a san ranar yankewarsa ba ba ya barin mutum ya tsara komai.

Mai riƙe kuɗi daban, mai koyarwa daban, kuma duk ƙarshen wata a turo hoton rajistar kiran suna da lissafin abin da aka kashe a zauren WhatsApp na iyaye. Iyayen sauran yaran su riƙa ba da wani abu komai ƙanƙantarsa, in ban da marayu da waɗanda aka san ba su da hali, saboda uban da ya cire kuɗi daga aljihunsa yana tambayar ɗansa ko ya je. Duk ƙarshen zango a maimaita gwajin nan na Malam Sani, a rubuta matakin kowane yaro kusa da na baya. Wannan takarda ita ce za ku nuna wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko 'yan kasuwar unguwa idan kuna neman ƙari, kuma mu da muke nesa da gida irinta muke so mu gani kafin mu tura kuɗi. Rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ba ta gaggawa ba ce, sai shirin ya girma har ana buƙatar asusun banki da sunan ƙungiya. Idan kuka kai zango guda ajin yana tafiya, ni zan ɗauki nauyin littattafan karatu.

Hajiya Binta, Rikkos:

Tunda magana ta kai ga kafa aji, ina roƙon kada a manta da 'yan mata, domin su matsalarsu ba ta fitowa fili kamar ta maza: ba a ganinsu a majalisa, suna cikin gida suna aiki ko suna kan talla, har ranar da za a ce sun faɗi jarrabawa a rufe maganar karatunsu. Ba sai an haɗa su aji ɗaya da samarin ba. A nemi mace mai koyarwa, ko ta hannun ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ko cikin ɗaliban da Mubarak ya ambata, a ba su aji na kusa a lokaci guda, yadda yayye maza za su rako ƙannensu su koma tare. Lokacin kuma sai an zauna da iyaye mata da malaman Islamiyya an daidaita, domin yawancin yaranmu bayan la'asar suna Islamiyya, kuma idan aka sa darasin ya ci karo da ita, iyaye Islamiyya za su zaɓa. Ƙanwata, ki fara zuwa wurin mai unguwa tare da ɗaya daga cikin baffannin yaron kafin ku je wa hedimasta, saboda abin da zai fara tambayarku shi ne ko mai unguwa ya sani.